Daga Zargi Zuwa Hukunci: Tambayoyin da Aka Fi Yi Game da Tuhuma da Tsarin Kotu

Gabatarwa

A yawancin ƙauyukan ƙasar Bici, irin su Saye da Ɗanzabuwa da Badume da Kwamarawa, malamin makaranta yana cikin mutanen farko da ake nufa idan takardar hukuma ta shigo gida. Ko sammacin kotu ne, ko takardar gayyata daga ofishin 'yan sanda, ko takardar beli, sai a miƙa masa a ce, "Malam, duba mana abin da ta ƙunsa." Ana kawo masa ne don ya yi karatun boko, kuma ana kyautata masa zaton zai faɗi gaskiya. Abin da ya fassara a zauren nan shi mutanen gida za su riƙe. A kansa za su yanke shawarar sayar da akuya, ko jinginar da gona, ko su ɓoye yaronsu.

Wannan babi ya tattaro tambayoyin da aka fi yi a irin wannan hali, ya amsa su bisa dokokin da ake aiki da su a Jihar Kano. An fi mayar da hankali a kan kalmomi, domin mafi yawan ruɗanin da talaka yake shiga a gaban hukuma daga harshe yake farawa. Sau da yawa kalma ɗaya ta Hausa takan ɗauki ma'ana biyu ko uku waɗanda doka ta rarrabe su, ta ba kowacce matsayinta.

Shin wanda aka kama mai laifi ne?

Kalmar laifi tana da faɗi ƙwarai a Hausa. Yaron da ya ƙi zuwa aike ya yi laifi, wanda ya wuce manya bai gaishe su ba ya yi laifi, ɗan fashi ma ya yi laifi. Har a tambayi mutum yaya kasuwa, ya ce ba laifi. A wurin doka kuwa ma'anar ta ƙuntata. Sashe na 36(12) na Kundin Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya hana a hukunta kowa a kan wani aiki, sai idan wata rubutacciyar doka ta bayyana shi a matsayin laifi, ta kuma faɗi hukuncinsa. Ke nan abin kunya daban, abin da al'ada ta ƙi daban, laifin da kotu take hukunci a kansa daban.

Akwai matakai uku da ya kamata a rarrabe, wato zargi da tuhuma da hukunci. Zargi magana ce da kowa zai iya furtawa, ko maƙwabci ko ɗan sanda, kuma bai tabbatar da komai ba. Tuhuma ita ce zargin da aka tsara aka gabatar a gaban alƙali, aka ambaci abin da ake cewa mutum ya yi, da rana, da wuri, da sashen dokar da ake cewa ya karya. Hukunci kuwa shi ne abin da alƙali ya yanke bayan ya saurari ɓangarorin biyu. Mutumin da yake hannun 'yan sanda wanda ake zargi ne. Idan aka gurfanar da shi ya zama wanda ake tuhuma. Ba ya zama mai laifi sai ranar da kotu ta same shi da laifin, kamar yadda sashe na 36(5) ya tanada. Masu karanta labarai a rediyo sukan yi sakaci da wannan, su ce an kama masu laifi, alhali ko ƙofar kotu ba a kai su ba. A birni irin wannan kuskure yakan wuce. A ƙauyen da kowa ya san kowa kuwa, sunan yakan manne wa mutum ko da kotu ta wanke shi, har ya shafi auren 'ya'yansa. Hausawa da suka ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya sun riga masu rubuta doka hango wannan.

Shin kowace rigima ce ake kai wa 'yan sanda?

Kalmar ƙara ita ma ta haɗe abu biyu. Akwai ƙarar neman haƙƙi tsakanin mutum da mutum, kamar bashi da gado da aure da mallakar gona. Akwai kuma ƙarar laifi, wadda hukuma take tsayawa a madadin al'umma, kamar sata da rauni da kisa. A ta farko abin da ake nema shi ne a mayar wa mai haƙƙi haƙƙinsa. A ta biyu horo ake nema, ko tara ko ɗauri ko bulala.

Ƙasar Bici tana cikin yankin da gonaki suke manne da juna, babu daji a tsakani, kuma sau da yawa layin gamba ko 'yan itatuwan bini-da-zugu ne kaɗai iyakar gonar wani da ta wani. Saboda haka rigimar iyaka ba ta ƙarewa, musamman da faɗuwar damina. A ɗauka wani manomi ya ga maƙwabcinsa ya shigo masa da kunya biyu. Tambayar ko kunyoyin nan na wane ne, ƙarar neman haƙƙi ce. Za a kai ta kotu, a kira shaidu da dattawan da suka san asalin gonar, alƙali ya je ya ga wurin. Ɗan sanda ba shi da ikon cewa gona ta wane ce. Amma idan manomin ya fusata ya tumɓuke shukar maƙwabcin, ya shiga laifin ɓarna. Idan ya kai masa sara da fartanya, ya shiga laifin rauni. Daga nan magana ta rabu biyu, kuma yana yiwuwa mutum ya ci shari'ar gona amma a ɗaure shi a kan raunin da ya yi.

Bashi ne ya fi jawo zalunci a wannan fanni. Wanda ya karɓi buhun taki da alkawarin zai biya da kaka, damina ta ƙi, ya kasa biya, bai yi sata ba. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana a kama mutum saboda saɓa yarjejeniya ko wani haƙƙi na tsakanin mutum da mutum. Duk da haka wasu masu bin bashi sukan kai ƙara caji ofis, su canza wa bashin suna ya koma cin amana ko zamba, don sun san kwana biyu a bayan kanta ya fi wata shida a kotu saurin fito da kuɗi. Zamba tana tabbata ne idan tun farko mutum ya karɓi kayan da yaudara da niyyar ba zai biya ba. Cin amana kuwa sai idan ajiya aka ba shi, ko aka wakilta shi a kan dukiya, ya karkatar da ita. Rashin abin biya ba ya cikin ko ɗaya.

Wace doka ake bi, kuma wace kotu?

Kafin 'yancin kai, kotunan alƙalai da na sarakuna a ƙarƙashin En'e suna yin hukunci ne da fiƙihun Malikiyya, suna dogaro da littattafai irin su Risala da Mukhtasar da Tuhfa, yayin da kotunan Turawa suke bin nasu kundin. Saɓanin ya fito fili a 1947 a shari'ar Tsofo Gubba da En'en Gwandu, inda kotun ɗaukaka ƙara ta Afirka ta Yamma ta soke hukuncin kisa da kotun Sarkin Gwandu ta yanke, domin kundin Turawa yana sassauta wa wanda aka tunzura. A 1958 gwamnatin Jihar Arewa ta kafa kwamitin masana a ƙarƙashin Babban Jojin Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat. Daga shawararsu aka samar da kundin laifuffuka na Arewa, wanda aka fi sani da Final Kod, ya fara aiki ranar 30 ga Satumba, 1960. An ɗauko shi daga na Sudan, na Sudan kuwa ya samo asali daga na Indiya na 1860. A 1967 da 1968 gwamnatin soja ta karɓe kotuna daga hannun En'e, aka mayar da su kotunan yanki. Tun daga lokacin hakimi da dagaci da mai unguwa ba su da ikon yanke hukuncin laifi, sai dai sulhu, wanda har yanzu shi ne yake kashe yawancin rigingimun ƙauye tun ba su girma ba.

A shekarar 2000 Jihar Kano ta bi sawun Zamfara ta kafa kundin laifuffuka na Shari'ar Musulunci, aka mayar da kotunan yanki kotunan Shari'a. Don haka akwai kundi biyu a jihar. Kotun majistare da Babbar Kotu suna aiki da Final Kod, kotunan Shari'a kuma suna hukunta Musulmi da kundin Shari'a, wanda ya ƙunshi haddi da ƙisasi da ta'aziri. Hukumar Hisba, wadda aka kafa da dokar 2003, ba kotu ba ce. Tana yin nasiha da sulhu, amma yanke hukunci aikin alƙali ne. Game da hanyar gudanar da shari'ar kuwa, gwamnatin tarayya ta yi sabuwar doka a 2015, Jihar Kano ta yi tata a 2019 bisa tsarin ta tarayyar.

Me doka ta ce game da kamu?

Sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulki ne ginshiƙi a nan. Wanda aka kama yana da haƙƙin a sanar da shi dalilin kamun a rubuce cikin awa 24, da harshen da yake ji. Yana da haƙƙin yin shiru har sai ya gana da lauya ko wani mutum da ya zaɓa. Dole ne kuma a kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotun da take da hurumi a tazarar kilomita 40, ko kwana biyu idan ta fi haka nisa, sai fa a laifin da hukuncinsa kisa ne. Garin Bici yana da kotu, kuma faɗin ƙaramar hukumar bai kai a ce wani ƙauye ya yi masa nisan kilomita 40 ba. Saboda haka mako guda a caji ofis a kan faɗa ko satar akuya ba shi da madogara a doka. Wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba yana iya neman diyya da ban haƙuri a bainar jama'a.

Tambayar da iyaye suka fi yi ita ce ko ana iya kama uba idan ɗansa ya gudu, ko mata idan ba a ga mijinta ba. Amsa ita ce a'a. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta haramta kama wani a madadin wani. Laifi ba a gadonsa, ba a kuma rancensa.

Wurin da ya fi kowane haɗari ga wanda bai yi boko ba shi ne ɗaukar jawabi. Mutum yakan yi bayani da Hausa, ɗan sanda ya rubuta da Turanci, sannan a ce ya dangwala yatsa. Tsakanin abin da baki ya faɗa da abin da alƙalami ya rubuta ana iya samun rata mai faɗi. Manomin da ya ce, "Na ɗauko akuyar na ɗaure ta a gidana don ta yi mini ɓarna," yana bayanin al'ada ce sananniya ta kama dabbar da ta shiga gona har mai ita ya zo a sasanta. Idan aka rubuta cewa ya ɗauke akuyar ya kai gidansa, aka bar dalilin, takardar ta zama iƙirarin sata. Shi ya sa ya wajaba a karanta wa mutum jawabinsa, a fassara masa jimla bayan jimla, kafin ya sa hannu. Idan akwai abin da bai faɗa ba, yana da ikon ya ƙi dangwalawa. Jawabin da aka samu ta hanyar duka ko azabtarwa kuwa, sashe na 29 na Dokar Shaida ta 2011 ya hana kotu ta karɓe shi, kuma wata doka ta 2017 ta mayar da azabtarwar kanta laifi. Sai dai wajibi ne wanda ake tuhuma ya faɗa wa alƙali haka a daidai lokacin da aka miƙa takardar a kotu, domin a tsaya a binciki yadda aka same ta. Idan ya yi shiru har aka karɓe ta, gyaran yakan yi wuya.

Mene ne beli, kuma me mai tsayawa ya ɗauka wa kansa?

Beli ba sallama ba ne, kuma ba sayen 'yanci ba ne. Alkawari ne cewa wanda ake zargi zai dawo duk ranar da aka neme shi. Akwai belin 'yan sanda, wanda rundunar da kanta take shelar cewa kyauta ne, akwai kuma belin kotu. A ƙananan laifuffuka beli haƙƙi ne da ba a cika hanawa ba. A manya alƙali yakan duba ko mutumin zai gudu, ko zai tsorata shaidu, ko zai sake aikata wani laifin. A laifin da hukuncinsa kisa ne, alƙalin Babbar Kotu ne kaɗai yake iya bayarwa, shi ma sai da dalili na musamman.

Adadin kuɗin da alƙali yake ambata yakan firgita mutane. Idan aka ce an ba da beli a kan naira dubu ɗari biyu da mutum biyu masu tsayawa, a mafi yawan lokaci ba ana nufin a ƙirgo kuɗin a ajiye ba. Ana nufin mai tsayawa ya sa hannu cewa za a karɓi wannan kuɗi daga gare shi idan mutumin ya tsere. Wannan ya shafi malamai kai tsaye, domin sau da yawa kotu takan nemi ma'aikacin gwamnati a cikin masu tsayawa, kuma a ƙauye malami ne ma'aikacin da ya fi kusa. Ba za a ɗaure shi a kan laifin wanda ya gudu ba, amma za a nemi ya kawo shi ko ya biya abin da ya sa hannu a kai, kuma rashin biyan yana iya kai shi ga ɗauri. Kunya ba ta isa dalilin tsaya wa wanda ba a san halinsa ba. Idan kuma mai tsayawa ya ga alamar mutumin zai gudu, yana iya zuwa kotu ya nemi a sauke masa nauyin. Dokar tarayya ta 2015 ta kuma bayyana cewa ba a hana mace tsayawa don kasancewarta mace.

Me yake faruwa ranar farko a gaban alƙali?

A kotunan majistare da na Shari'a, ɗan sanda mai gabatar da ƙara yakan zo da takardar da ake kira rahoton farko, tsarin da Arewa ta gada daga Indiya ta hanyar Sudan. Za a karanta wa wanda ake tuhuma, a tambaye shi ko ya gane, sannan a tambaye shi ko ya amsa. Idan ba ya jin harshen da ake shari'ar da shi, sashe na 36(6) ya ba shi tafinta kyauta. A kotun Shari'a da Hausa ake magana. A Babbar Kotu kuwa Turanci ne harshen rubuta shari'a, don haka komai yana ratsawa ta bakin tafinta.

A nan ne ɗalibin harshe ya kamata ya natsu. Tambayar da doka take yi ita ce ko mutum ya yarda cewa ya aikata laifin da dukkan sharuɗɗansa, wato aikin da kuma mugun nufin da ya sa ya zama laifi. Tafinta mai gaggawa kuwa yakan taƙaita ta ya ce, "Ka yi ko ba ka yi ba?" Bahaushe mai gaskiya, wanda ya buge ɓarawon da ya zaro masa wuƙa, zai ce, "Na yi." Ya amsa aikin, bai amsa laifin ba, domin kare kai hujja ce da doka ta yarda da ita. Haka nan "haka ne" da "na ji" da "to" duk suna iya zama ladabi ga babba, ba amincewa ba. Mutumin karkara da ya durƙusa a gaban alƙali yana cewa, "Allah ya gafarta malam, a yi mini afuwa," wataƙila tsoro ne yake magana da bakinsa. Amma idan aka rubuta cewa ya amsa laifi, kotu tana iya yanke masa hukunci nan take ba tare da kiran shaida ko ɗaya ba. Ƙa'ida ita ce, duk amsar da ta zo da "amma" a bayanta, kamar a ce "na buge shi amma shi ya fara zaro wuƙa", musu ce, kuma a matsayin musu ya kamata a rubuta ta. A laifin da hukuncinsa kisa ne, ko mutum ya amsa da bakinsa, kotun da take bin tsarin Final Kod takan rubuta cewa bai amsa ba, ta nemi a kawo hujja.

Idan ya musa, nauyin kawo hujja yana kan mai gabatar da ƙara, kuma sai hujjar ta kai matsayin da ba ta bar kokwanto mai ma'ana ba. Wanda ake tuhuma yana da ikon yi wa kowane shaida tambayoyi, da kiran nasa shaidun, kuma ba a tilasta masa ya ba da shaida a kan kansa. Fiƙihun Malikiyya ya daɗe da irin wannan tsari. Hujja tana kan mai da'awa, shubuha tana kawar da haddi, kuma kafin alƙali ya yanke hukunci sai ya yi i'izari, wato ya tambayi wanda hukuncin zai hau kansa ko yana da sauran abin faɗa ko wata hujja da bai kawo ba.

Wanda ba shi da kuɗin ɗaukar lauya yana iya neman taimakon hukumar ba da agajin lauyoyi ta tarayya, wadda aka kafa a 1976, kuma tana da ofishi a Kano. Game da yara kuwa, Final Kod ya ce aikin yaron da bai kai shekara 7 ba ba laifi ba ne, haka ma na wanda yake tsakanin 7 da 12 idan hankalinsa bai kai ya gane abin da yake yi ba.

Me ya sa mutum yake daɗewa a tsare ba a yi masa shari'a ba?

Babban dalili shi ne hurumi. Majistare ba shi da ikon sauraron shari'ar kisa ko fashi da makami, amma gabansa 'yan sanda suke fara kai wanda ake zargi. Sai ya ba da umarnin a ajiye shi a gidan gyaran hali, sunan da dokar 2019 ta ba gidan yari, a aika fayil ɗinsa Ma'aikatar Shari'a don lauyoyin gwamnati su ba da shawara ko akwai hujjar gurfanar da shi a Babbar Kotu. Fayil yana iya makalewa, ɗan sandan da ya yi bincike a canza masa wurin aiki, shaidu su gaji da kuɗin mota. Kimanin kashi biyu cikin uku na mutanen da suke tsare a gidajen gyaran hali na Nijeriya jiran shari'a suke yi, ba a same su da laifi ba. Dokar tarayya ta 2015 ta ƙayyade umarnin ajiya na farko ga kwana 14, wanda ba a sabunta shi sai da dalili. Abin da dangi za su iya yi shi ne su riƙe lambar shari'ar da sunan kotun da ranar da aka ɗage zaman zuwa gare ta, su riƙa bibiya ta wurin rajistara. Wanda ba a tambayar labarinsa shi aka fi mantawa da shi.

Ana iya janye ƙara idan an sasanta?

Ya danganta da laifin. Ƙananan laifuffuka irin su zagi da ƙaramin rauni da shiga gonar wani, doka ta yarda a sasanta, wasu da izinin kotu. Manya irin su fashi da fyaɗe ba na wanda aka cuta ba ne shi kaɗai, don haka ko iyaye sun ce sun yafe, ƙarar ba ta mutu ba. Antoni-Janar na jiha ne sashe na 211 ya ba ikon dakatar da shari'ar laifi kafin a yanke hukunci. A ƙarƙashin kundin Shari'a kuwa, magadan wanda aka kashe suna da ikon yafe ƙisasi ko su karɓi diyya, amma a gaban alƙali ake yin haka, ba a zaure ba.

Idan hukunci bai yi wa mutum daɗi ba fa?

Hausawa sukan ce shari'a mace ce da ciki, ba a san abin da za ta haifa ba. Sai dai abin da ta haifa a kotun farko ba shi ne ƙarshe ba. Daga majistare ana ɗaukaka ƙara zuwa Babbar Kotu, daga ƙaramar kotun Shari'a zuwa babbarta, har a kai Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tarayya, sannan Kotun Ƙoli a Abuja. Ɗaukaka ƙara ba raina alƙali ba ne, ko da yake mutanen karkara da yawa suna ɗaukar ta haka.

Shari'o'in da suka fi shahara a wannan fanni duk a kan kuskuren bin ƙa'ida aka rushe su. A watan Oktoba na 2001 babbar kotun Shari'a ta Gwadabawa ta yanke wa Safiya Husaini hukuncin jefewa. Ranar 25 ga Maris, 2002, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Sakkwato ta sallame ta, kuma daga cikin dalilan akwai cewa abin da ake tuhumarta da shi ya faru kafin dokar ta fara aiki, alhali doka ba ta komawa baya ta kama abin da ya riga ta. Amina Lawal kuwa an yanke mata irin wannan hukunci a Bakori a 2002, kotun Funtuwa ta tabbatar, sannan Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Katsina ta soke shi ranar 25 ga Satumba, 2003. Kotun ta ce alƙali ɗaya ne ya zauna a shari'ar farko maimakon uku da doka ta tanada, kuma mai iƙirari yana da ikon janye iƙirarinsa. A Kano ma, a watan Janairu na 2021 Babbar Kotun jiha ta soke hukuncin kisa da wata babbar kotun Shari'a ta yanke wa wani matashi a 2020, ta ce a sake shari'ar, domin an yi ta ba shi da lauya.

Abin da yake kayar da talaka a nan shi ne lokaci. Daga kotun majistare ko ta Shari'a galibi kwana 30 ake bayarwa, kuma daga ranar da aka yanke hukunci ake fara ƙirgawa, ba daga ranar da dangi suka gama haɗa kuɗin lauya ba. Idan wa'adin ya wuce, sai an roƙi kotu ta ƙara lokaci, a kuma kawo dalilin jinkirin. Sashe na 36(7) ya ba wanda aka yi wa shari'a, ko wanda ya wakilta, ikon karɓar kwafin hukuncin cikin kwana 7 da kammala shari'ar. Wannan takarda ce lauya zai fara nema, domin a cikinta ake ganin ko an karanta tuhumar, ko an fassara ta, da kuma ainihin kalmomin da aka rubuta cewa mutumin ya amsa da su.